Koriyar Kwalba

…kuma ban sa ganyen ba. Ban sa ba. Ga ruwan ganyen can cikin firiji, ko murfinsa ban taɓa ba yau. To me ya sa layin yake gangarawa haka?

Tsaya. Bi a hankali, kada ki ruɗe. Shekara talatin da ɗaya kina kula da ɗakin gwajin nan, ba yau kika fara ganin layi a allon kwamfuta ba. Ƙarfe bakwai na shigo. Ɓera ɗaya, hanta ɗaya. Na yayyanka ta cikin ruwan sukari a kan ƙanƙara, na niƙa, na sa a injin juyi sau uku. Abin da ya kwanta a gindin bututun launin ƙasa-ƙasa, mai laushi, yadda ake so. Mitokondiriya ke nan, 'yan mitsitsin abubuwan da ke cikin ƙwayoyin jiki suna samar musu da ƙarfi. Da ransu na fitar da su. A nan dai hannuna bai yi kuskure ba, na tabbata.

Kwalba biyu ce a kan injin awon iska, kowacce ba ta fi babban yatsa ba. Ɗaya da farin tef, ɗaya da kore. Fara ta gwaji ba ganye, koriya ta gwaji da ganye — haka muka raba su tun farko, don kada wannan ya gurɓata wancan. Yau kumfa ta maƙale a gindin farar, na ce bari in duba lafiyar mitokondiriyar a koriya kafin ɗalibar nan da muke kira Mai Ganye ta iso. Iyakar abin da na yi ke nan. Su, da abincinsu, sai ruwa. Kamata ya yi layin ya yi tafiyar tsohuwa mai ciwon ƙafa. Ga shi yana sheƙa gudu.

Oga, kai ka koya mini karanta layin nan. Allah ya jiƙan ka. Ina 'yar shekara ashirin da huɗu, lokacin babu kwamfuta, alƙalami ne ke ja a kan doguwar takarda. Ka ce layin nan iskar oksijin ce da ta rage a kwalba, in ya sauka to suna shaƙa. Ka ce kada in haddace sunaye, ɗalibai ne ke haddace sunaye, ni in ga abin da idona. Abinci ya narke, a zare masa ilektaron, 'yan ƙwayoyin lantarki. Su bi jikin bangon ciki na mitokondiriyar, tasha huɗu, wannan ya miƙa wa wancan kamar leburori da bulo. Suna miƙawa suna tura wasu 'yan ƙwayoyin, furoton, bayan bango, wato ana hawa da ruwa tanki ke nan. Tasha ta biyu ce malalaciya, ka ce, miƙawa kawai take yi, ba ta tura komai, kowace ma'aikata akwai irinta. Tanki ya cika. Ƙofar dawowa ɗaya ce tak, a bakinta kuma akwai injin da ke juyawa. Ruwa ya wuce, inji ya juya, ya cika batir. ADP mataccen batir, ATP cikakke, da shi ake motsa komai, har ƙiftawar ido. Can ƙarshen layi oksijin na tsaye, ta karɓi ilektaron ɗin, ta koma ruwa. Dalilin numfashinmu ke nan, ka ce, ba wani abu ba.

In babu batirin da za a cika, ƙofa a rufe take, tanki a cike, leburori su sassauta. Layi a hankali. A zuba ADP, ƙofa ta buɗe, layi ya gangara. Ya ƙare, layi ya lanƙwasa ya koma tafiyarsa ta da. Wannan lanƙwasar kake kira gwiwa. Wadda ba ta yi gwiwa ba a zubar da ita, ka ce, kada a ɓata wa kai rana.

In kuma bangon ya huje fa? Ruwa ya yi ta yoyo ta ko'ina, tanki ba ya cika, leburori na aiki kamar an sa musu bulala. Abinci na ƙonewa, iska na ƙarewa, inji kuma tsaye cik. Zafi kawai. Ko batir ɗaya babu.

Abin da Mai Ganye ta rubuta ganyenta na yi ke nan. Yana huda bango. Littafi guda, shafi ɗari biyu da wani abu, digiri na uku. Ganyen da mata ke jiƙawa su sha don rage ƙiba, wasu su yi ta zufa suna ramewa, ita ta ce za ta gano dalili. Ta kuwa gano — haka muka ce, ni da ita da Farfesa mai duba aikinta. Ranar Alhamis za ta kare littafin. Yau Litinin. Mai jarrabawa daga wata jami'ar ya riga ya karanta. Kwalejin da take koyarwa sun ƙara mata hutun karatu sau biyu, sun ce babu na uku. Da ciki ta fara aikin nan, yanzu 'yar tana zuwa makaranta da 'yar jakarta a baya.

Yau zane ɗaya kawai take so, sabo, mai kyau, wanda za ta haska a bango ranar. Ta ce sha ɗaya za ta zo. Yanzu goma saura kwata.

Zuba ADP ki gani. Wataƙila…

Na zuba. Babu gwiwa. Bai ma san an zuba masa wani abu ba, gangarawarsa kawai yake yi. Irin zanen nan sak, wanda na gani sau ɗari da arba'in cikin wata takwas, wanda take bugawa tana sawa a fayil mai ruwan hoda. Sai dai yau babu ganye a ciki.

Ragowar ganye ne. Shi ne mana. Ruwan ganyen nan danƙo ne da shi, ya kama gilashi, ɗan abin da ya saura daga ranar Juma'a shi ke aiki. Ai wannan ma ƙarin hujja ce gare ta, ganye mai ƙarfi har ragowarsa na huda bango. Sai in ce mata…

Ragowa a kwalbar da ni na wanke? Ɗaga ta ki duba. Tas take, haske na wucewa ta cikinta. Ni ce Mama Ƙanƙara, ɗalibai suka sa mini don ba na barin bututu ya yi daƙiƙa biyar a wajen ƙanƙara ban daka tsawa ba. Kwalbata ba ta ragowa. Na wanke ta sosai. Na wanke ta da…

Ga takardar can saman wurin wanki, rubutun hannuna, da jan alƙalami, har ta fara koɗewa. BA A SA SABULU A NAN. Ni na manna ta shekarar da ka bar aiki, Oga, don kai ba ka buƙatar takarda, kallo ɗaya kake yi. Bangon nan kitse ne, ka ce. Sabulu kuma aikinsa ɗaya a duniya, ya narkar da kitse. Bai san na kwano ba, bai san na mitokondiriya ba. Ruwa tatacce da sifirit, shi ke nan. Ka ce ko an ɗauraye yana laɓewa a zoben robar da ke gindin kwalba, ya yi ta fitowa kaɗan-kaɗan.

Kabad na ƙasa, hannun hagu, bayan kwalin safar hannu. 'Yar roba ce, ta sabulun ruwa na wanke kwanuka, mai ƙamshin lemo. Daga kicin ɗina na zo da ita a jaka. Ta kusa rabi yanzu.

Sifirit ne ya ƙare. Wannan gaskiya ne, ba ƙirƙira nake yi ba. Sau uku na je wurin mai sito, ya ce sai wata mai kamawa, Mama, ki yi haƙuri. Koriyar kwalba kuma ta yi kore da gaske, danƙo ya bi jikinta, ruwa na zamewa a kansa kamar ba a zuba ba. In bar ta haka? In miƙa wa yarinya ƙazamar kwalba? Inna ba ta yarda kwano ya wanku sai ta goga masa babban yatsa ya yi ƙara. In bai yi ba ta turo miki shi da ƙafa, ko kallonki ba za ta yi ba. Ina shekara takwas, ina tsugune a bakin famfo, hannuna ya yi fari ya tattare… ɗigo ɗaya na sa. Ɗaya. Na ɗauraye sau uku. Na goga yatsa, ta yi ƙara.

Ran nan ne kuma — ka ji yadda abin ya haɗu — ran nan ne Mai Ganye ta zo da sabon jiƙo. Wata biyar tana gwadawa ganyen bai yi komai ba, layi na tafiya da gwiwarsa lafiya lau, ita kuwa tana ta zabgewa, har ina tsokanarta ko shan ganyen take yi a ɓoye. Sai ta canja hanya, ta shanya shi a inuwa, ta jiƙa shi a wani ruwan daban. Ta zuba a koriyar kwalba. Layi ya zube ƙasa. Ihun da ta yi har masu ajin sama suka leƙo. Ta rungume ni, hawayenta a kafaɗar farar rigata, tana cewa Mama ya yi, Mama ya yi. Farfesa da ba ya saukowa sai in ana ɗaukar hoto, ya sauko da ƙafarsa, ya gyara tabarau ya ce sabon jiƙon ne, dama ya faɗa. Kowa ya ce sabon jiƙon ne. Ni ma na ce sabon jiƙon ne. Na ji daɗi ranar, wallahi na ji daɗi, har na kira Baban yara na ba shi labari, ya ce ke dai da ɓerayenki.

Bar tuna baya. Ai akwai yadda ake ganewa, aikinki ke nan. Cire kumfar nan daga farar kwalba tukuna. Ɗan ƙwanƙwasa… ta fita. Ruwan sukari, abinci, mitokondiriya, rufe. Ɗan ƙarfen da ke gindi na juyawa yana gauraya su.

A hankali. Ka gani? Tafiyar tsohuwa. Zuba ADP — ya gangara — jira — jira — ga gwiwa. Kai, gwiwa mai kyau, da kana nan da ka gyaɗa kai. Lafiyarsu ƙalau. Ba daga ɓera ba ne, ba daga hannuna ba ne. Da ma daga nan ne. Da ma na yi sakaci na bar su sun ɗumama, in zubar in yanka wani ɓeran, a wuce wurin.

Saura gwaji ɗaya, kin san shi. Farar kwalba ba ta taɓa ganin ganye ba, ba ta taɓa ganin sabulu ba. Wanke ta yadda kike wanke koriya. In layi ya tafi a hankali, to ragowar ganye ne, ki yi hamdala ki jefar da robar nan a bola. In kuwa ya gudu…

Buɗe kabad. Ture kwalin. Ɗauko robar. Ɗigo ɗaya. Ƙamshin lemo. Ɗauraya ɗaya, biyu, uku. Kada ki ƙara ta huɗu, kada ki yi wa kanki wayo, uku kike yi kullum. Ruwan sukari, abinci, mitokondiriya. Rufe. Goma da minti ashirin.

Ba zan kalla ba sai ya yi minti biyu. Bari in ƙara ƙanƙara a bokiti.

Na tuna wani malamin sakandare, magidanci, har da furfura a gemu, ya zo yin digiri na biyu. Shekara nawa ke nan, tara? Na same shi a nan, daidai inda nake tsaye, yana wanke bututu da garin sabulu. Ban ja shi gefe ba. Na tara masa 'yan aji kaf, yara sa'o'in 'ya'yansa, na ɗaga bututun sama na ce ku zo ku ga yadda ake kashe aiki. Na ce Malam karatu ne ba ka iya ba ko takardar ce ta yi maka nisa? Yaran na ƙunshe dariya. Ya tsaya da kumfa har gwiwar hannu yana cewa Allah ya huci zuciyarki, Mama. Bai ƙara shigowa ɗakin nan ba sai ya leƙa ya ga ba na nan. Na ji ni wata ce ranar, har labari na bayar a ofis.

Mai Ganye ma ai ta tambaya. Kada ki ce ba ta tambaya ba. Wata na biyu da fara samun sakamako, tana zaune a kan doguwar kujerar can tana cika littafinta, ta ɗago a hankali, ka san yadda take magana kamar mai neman gafara, ta ce Mama, ko za mu gwada koriyar kwalba rana ɗaya ba ganye, don a cike ƙa'ida? Me na ce? Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce kwalbata kike zargi? Na ce tun kafin a yaye ki nake wanke kwalba a ɗakin nan. Na ce in ɓera ya yi miki yawa ki faɗa, in daina tashi da asuba ina yanka miki. Ta ce yi haƙuri Mama, ba haka nake nufi ba. Ta ja layi ta soke abin da ta rubuta. Na ga lokacin da ta soke. Washegari har da 'yar tsaraba ta kawo mini, wai ta ɓata mini rai.

Yarinyar ta fi ni sanin aikinta. Ni na toshe mata baki.

Minti biyu ya yi. Juya.

…To.

Ya gudu. Sak. Ba ganye, ba a taɓa sa ganye a cikinta ba tun da aka ƙera ta. Zuba ADP don a cika — babu gwiwa. Sabulun lemo daga kicin ɗina, shi ne babi na huɗu da babi na biyar. Shi ne zane ɗari da arba'in. Bari in zauna. A'a, in na zauna ba zan tashi ba.

Amma wa ya ce ganyen ba ya yi? Wataƙila yana yi. Wataƙila sabon jiƙon na huda bango da gaske, sabulu ya zo ya hau kai kawai. Ɗauko shi daga firiji yanzu, zuba a kwalba mai tsabta, minti biyar kin sani. In ya gudu, an tsira, littafinta gaskiya ne ko da hanyar ta karkace, sai a…

Wace kwalbar?

Biyu ce gare mu. Biyu. Yanzun nan da hannuna na sa wa ta biyun sabulu. Kai, Mama Ƙanƙara, sannu da aiki. Zoben roba sai ya kwana a sifirit, a canja, a sake jiƙawa, kai ka ce kwana biyu in ana so a amince da shi. Waɗannan da ke kan ƙanƙara kuma zuwa azahar sun mutu. Laraba ke nan kafin a iya gwadawa, in an samu ɓera, in wuta ba ta ɗauke ba. Gwaji ɗaya, ranar Laraba, a kan littafin da za a kare ranar Alhamis. Ko ya yi ma, zane ɗaya ba ya maye gurbin ɗari da arba'in. In bai yi ba kuma…

Wata takwas. Daga farko. Kwalejinta ba su da hutu na uku, sun faɗa mata a rubuce.

In na yi shiru fa? Bari in faɗa a raina ko sau ɗaya ne, in ji yadda yake. In zubar da wannan, in goge zanen yau daga kwamfuta, in sa robar a jaka in mayar da ita kicin inda ta fito. Ta zo ta zuba ganyenta a koriya, layi ya gudu kamar kullum, ta ɗauki hotonta. Alhamis a tafa mata. Wa zai sani? Mai jarrabawa ba ya tambayar da me aka wanke kwalba, ban taɓa jin wanda ya tambaya ba. Wata biyar ya rage mini in ajiye aiki. A yi mini 'yar walima a ɗakin taro, Farfesa ya tashi ya ce Mama ba ta taɓa ɓata gwaji ba, a ba ni agogon bango. Ita ta koma kwalejinta ana kiranta Dakta. Kowa ya samu abin da yake so. Taimakonta ma na yi, in aka duba.

Taimako. Ji bakinki.

Za su buga shi a mujalla, Farfesa ya riga ya aika. Wani a wani wuri zai jiƙa ganyen nan, ya zuba a kwalbar da aka wanke da sifirit, ya ga gwiwa. Ya sake, ya ga gwiwa. Ya rubuto. Sunan wa ke saman takardar? Ba nawa ba. Nawa yana shafin godiya, ta nuna mini ranar Juma'a, layi uku cur: ga Mama, wadda hannunta ya riƙe wannan aiki tun daga farko har ƙarshe. Ya riƙe kam. Ita za a ce ta ƙirƙiri sakamako. Shekara biyu, shekara biyar, tana tsaye gaban ajinta takarda ta iso. Ni ina gida ina renon jikoki. Ba za ta ma san ta inda abin ya ɓullo ba, za ta yi ta bin littafinta shafi-shafi tana neman inda ta yi kuskure, kuma babu, don kuskuren na cikin kicin ɗina kusa da soso.

Kuma za ta tsaya ta koya wa ɗalibai cewa ganyen nan na huda bango. Su rubuta a jarrabawa, a ba su maki. Matan da ke sha kuma, in wani abu ne daban ke ramar da su, an rufe neman sa ke nan, an ce an gano.

In na faɗa… in hau bene in ƙwanƙwasa wa Farfesa, in ajiye masa robar a kan tebur. Zai cire tabarau ya dube ni. Ba zai yi faɗa ba, da ma zai yi. Kafin la'asar kowa ya ji, har mai sito. Takardar can ta jan alƙalami, sai in cire ta da hannuna ko in bar su su yi ta karantawa suna kallona? Wannan duk mai sauƙi ne. Kunya ce, ba ta kisa, wata biyar ne in tafi. Fuskarta ce ba zan iya ba. Ba za ta zage ni ba, na san ta. Cewa za ta yi ba komai Mama, ƙaddara ce. Ta tattara fayil ɗinta mai ruwan hoda. Wataƙila ma ta ba ni haƙuri.

Ban sani ba ai. Wannan zan ce, kuma gaskiya ce. Kuskure ne, ranar ta haɗu da ranar sabon jiƙo, kowa ma zai iya ruɗewa. Ban sani ba sai yau.

To sifirit ya dawo bayan sati uku. Galan guda, ga shi can a kusurwa. Me ya sa ban koma kansa ba? Don sabulu ya fi saurin cire danƙon. Eh. Don ya fi… to me ya sa kullum sai ta tafi nake wanke koriya? Farar a gabanta nake ɗaurayewa muna hira. Koriya sai in ce bar ta, je ki ɗauko 'yarki kada a tashe su, ni zan yi. Wata takwas ban taɓa wanke ta a gaban mutum ba. Robar kuma ba a bakin famfo take ba, ba a kan kanta ba. Bayan kwalin safar hannu, can ƙurya, sai na durƙusa nake kai hannu, ni da ciwon bayan nan. Kullum in durƙusa in ɗauko, in durƙusa in mayar.

Wanda bai sani ba yana ɓoyewa?

Ranar da ta ce a gwada ba ganye, ba raina ne ya ɓaci ba, Oga. Gabana ne ya faɗi. Na tuna yanzu, nan a ƙirji, dam, kafin in buɗe baki. Faɗan daga baya ya zo, don in rufe. Ban bari na yi tunanin har ƙarshe ba, shi ke nan abin da na yi. Duk lokacin da ya taso sai in ce sabon jiƙon ne, in ƙara ƙanƙara a bokiti, in daka wa wani tsawa. Na ga yarinya ta daina zabgewa, ta fara dariya, na ga ana saukowa ɗakina ana cewa a nan aka gano. Na so abin. Ban so a taɓa shi ba.

Takalmi a baranda. Ƙwas, ƙwas, da ɗan jan ƙafar hagu. Ita ce. Sha ɗaya saura kwata, yau ta ga damar yin sammako. Robar tana hannuna — aljihu, sa a aljihu. Zanen na kan allo, ban goge ba. Maɓalli ɗaya ne. Ba lokaci. Akwai lokaci. Ban taɓa ba.

Ta yi sallama, na amsa, muryata ta fita daidai, abin mamaki. Sabon mayafi. Fayil a ƙirji. Ta ajiye jaka, idonta ya tafi kan allo kafin ya zo kaina.

"Lah, Mama, har kin sa mini ganyen? Kai! Dubi yadda ya sauka. Wannan ai ya fi na kullum kyau, shi zan haska ranar Alhamis."

Tana laluben waya a jaka za ta ɗauki hoto. Ba ta dubi injin ba. In ta duba za ta ga koriyar kwalba a bushe, ta ga fara ce cike, ɗan ƙarfen na juyawa a cikinta, ruwan garau babu ko alamar kore. Ba sai na ce komai ba, ta fi ni kai, daƙiƙa uku ya ishe ta. Amma ba za ta iya gani ba daga inda take. Ni ce a tsakani. Ban san lokacin da na matso na tsaya a nan ba, bayana ya rufe injin ruf.

"Mama, ɗan tsaya haka kada ki motsa, inuwarki ta tare mini hasken taga, ya fi fitowa."

Taki ɗaya ne zuwa hagu. Ɗaya. Ta ɗaga wayar, tana murmushi, tana gyara ta a kan allon… ni kuma na gaji, Oga, kuma har yanzu ina tsaye inda ta ce in tsaya.